Masu zanen fostar Bikin Furen Ceri na Washinton: su wane ne, kuma wane tarihi ne ke bayan aikinsu?

Kowace shekara, idan hunturu ya ja baya a birnin Washinton na Amurka, dubban itatuwan ceri da ke kewaye da tafkin Tidal Basin sukan yi fure fari da ruwan hoda. Domin wannan fure ake shirya Bikin Furen Ceri na Ƙasa, wanda kan fara wajen 20 ga Maris ya kai tsakiyar Afrilu, kuma yakan tara baƙi sama da miliyan guda. Ƙungiyar da ke shirya bikin takan zaɓi mai zane guda a kowace shekara, ta ɗora masa aikin fitar da hoton da zai zama fuskar bikin. Hoton nan ne ake bugawa a fastoci da riguna da kayan tsaraba. Mai kallo zai ɗauka ado ne kawai, amma itatuwan da ake zanawa kyauta ce ta diflomasiyya, kuma sun sha shiga rikicin siyasa.

Yanayin aikin

Furen ba ya daɗewa. Hukumar da ke kula da gandayen shaƙatawa na ƙasar tana cewa fure ya cika ne a ranar da kashi 70 cikin 100 na furen nau'in Yoshino ya buɗe, daga nan kuma kwanaki kaɗan ne iska ko ruwan sama su kakkaɓe shi. Ranar ma ba ta da tabbas: a 1990 ta faɗo 15 ga Maris, a 1958 kuwa sai 18 ga Afrilu. Shi kuma mai zane dole ya kammala aikinsa watanni kafin lokacin, domin a samu damar bugawa da tallatawa. Ke nan yana zana furen da bai fito ba tukuna, yana dogaro da abin da ya taɓa gani. Idan biki ya watse, fostar ce ke saura a bangon mutane ɗauke da shekararta.

Wasu daga cikin masu zanen

A 2012, lokacin da kyautar itatuwan ta cika shekara 100, Peter Max ne ya yi zanen. An haife shi a Berlin a 1937, iyayensa Yahudawa suka tsere da shi zuwa Shanghai saboda mulkin 'yan Nazi, sannan ya isa Amurka a 1953, inda ya yi suna da zane mai launuka masu haske. A 2018 aikin ya faɗa hannun Maggie O'Neill, mai zane da ke zaune a Washinton, a 2019 kuma Simon Bull, haifaffen Birtaniya. Matt Long ya yi na 2020, shekarar da annobar korona ta sa aka soke yawancin tarukan bikin, sai zanensa ya zama abin tunawa da bikin da jama'a ba su samu halarta ba. Orlando Quevedo, wanda aka haifa a Kyuba, ya yi na 2023. Nicolas Shi, ɗan iyaye 'yan asalin Sin da aka haifa a El Salvador, ya yi na 2024.

Jerin nan yana nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda suka zana fuskar wannan biki na babban birnin Amurka a wata ƙasa aka haife su, kamar yadda su kansu itatuwan daga ƙetare suka zo.

Asalin itatuwan

Magajin garin Tokiyo, Yukio Ozaki, shi ne ya aika da itatuwan a matsayin alamar zumunci. Kashin farko, guda 2,000, ya iso a Janairun 1910, amma jami'an aikin gona suka tarar da ƙwari da cuta a jikinsu, Shugaba William Taft ya amince a ƙone su. Japan ta sake aiko da 3,020 a 1912. A ranar 27 ga Maris na shekarar, uwargidan shugaban ƙasa Helen Taft da matar jakadan Japan suka dasa biyun farko. An yi bikin farko a 1935, sannan a 1965 Japan ta ƙara wasu 3,800.

Abin da fosta ba ta nunawa

Ginin tunawa da Shugaba Thomas Jefferson, mai farar ƙubba, yana daga cikin abubuwan da aka fi zanawa tare da furen. Sai dai a Nuwamban 1938 wasu mata sun ɗaure kansu da sarƙa a jikin itatuwan, suna adawa da sare su domin a gina shi. A Disambar 1941, kwanaki kaɗan bayan harin Japan a Pearl Harbor, an wayi gari an sare itatuwa huɗu, aka yi zargin ramuwa ce ko da yake ba a tabbatar ba. Tsawon yaƙin an dakatar da bikin, aka kuma riƙa kiran itatuwan "na Gabas" don kauce wa ambaton Japan. A daidai wannan zamani ne gwamnatin Amurka ta tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasa. Bayan yaƙin ne bikin ya dawo.

Barazanar yau ta ruwa ce. Katangar bakin tafkin ta nutse a hankali, ruwa kuma ya ƙaru, har ya riƙa malala kan saiwoyin itatuwan idan igiya ta cika. A 2024 aka sare itatuwan ceri sama da 100 domin a sake gina katangar, ciki har da wata guntuwar bishiya mai kogo da jama'a suka laƙaba wa suna Stumpy. A Afrilun shekarar, Firaministan Japan na lokacin, Fumio Kishida, ya sanar da kyautar sababbin itatuwa 250 albarkacin cikar Amurka shekara 250 da samun 'yancin kai a 2026.

Fostar biki aikinta gayyata ne, ba wanda ke sa ran ta ɗauko sansanonin tsare mutane ko ambaliya. Duk da haka, wanda ya jera fastocin shekaru a gabansa yana kallon yadda ƙasashe biyu da suka taɓa gwabza yaƙi suka zaɓi a riƙa tuna dangantakarsu.