Ma'anar +01:00 da harafin Z a jikin kwanan watan rasit

Duk mai karɓar kuɗi ko tura su ta waya, a Mile 12 yake ko Agege, ko Sabon Ibadan da na Shagamu, wata rana zai ci karo da rubutu irin wannan a jikin rasit, ko imel, ko bayanin da ya sauke daga wata manhaja: 2025-03-10T23:40:00Z. Wani kuma a hannunsa ya ga 2025-03-11T00:40:00+01:00. Waɗannan biyun lokaci ɗaya ne, babu bambancin ko daƙiƙa guda, amma ɗaya ya ce 10 ga wata, ɗayan ya ce 11. Mu nan Shabu, kan hanyar Lafiya zuwa Akwanga, yanki ne da ake tura doya da riɗi kudu, kuma yawancin cinikin a waya ake biya. Idan an yi alkawarin kuɗi za su shiga ranar 10, kwana ɗayan nan ya isa ya sa mai kaya ya ce dillali ya saɓa, dillali kuma ya rantse bai saɓa ba.

Ga yadda nake karanta shi. Ana farawa da shekara, sai wata, sai rana, wato daga babba zuwa ƙarami. Harafin T shi ne ya raba kwanan wata da agogo. Bayansa awa, minti, daƙiƙa, a lissafin awa 24, don haka 23:40 ƙarfe goma sha biyu saura minti ashirin ne na dare. Wannan tsari sunansa ISO 8601, an fara fitar da shi a 1988, kuma a 2002 aka fitar da RFC 3339, wanda ya taƙaita shi don amfanin intanet. Amfanin sa shekara a gaba shi ne kashe ruɗani: 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa 4 ga Maris.

Wutsiyar rubutun ita ce mai muhimmanci, kuma ita mutane suka fi tsallakewa. Z na nufin agogon UTC, ma'aunin da duniya ke auna sauran agoguna da shi, wanda a amfanin yau da kullum daidai yake da GMT da muka saba ji a rediyo. Shi kuma +01:00 yana cewa agogon da aka rubuta ya riga UTC da awa ɗaya, wato agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Benin. To idan ka ga Z, ƙara awa ɗaya ka samu lokacin gida. Idan ka ga +01:00, kada ka ƙara komai, an riga an ƙara. A nan da yawa ke tuntuɓe, sai su ƙara awa a kan abin da aka riga aka ƙara.

'Yan'uwa na zangon Accra da Kumasi suna kan +00:00, haka Togo. Saudiyya +03:00 ce, awa biyu gaba da mu. Indiya, inda ake zuwa neman magani, +05:30 ce, da rabin awa a ciki. Tikitin jirgi kuma al'adarsa daban: lokacin tashi da agogon garin da aka tashi ake rubuta shi, na sauka da agogon garin da za a sauka. Mai zuwa ɗaukar alhaji ya lura da wannan.

Shi kansa +01:00 ɗin namu ba tun asali yake ba. A 1914 agogon hukuma a Najeriya rabin awa ne gaba da GMT, sai ranar 1 ga Satumba 1919 aka mayar da shi awa ɗaya cif, kuma tun lokacin bai motsa ba. Mun huta da wannan, gaskiya. Ingila tana +00:00 a lokacin sanyi, daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba kuma ta koma +01:00, ta yi daidai da mu. Sudan ma ta bar +03:00 ta koma +02:00 a Nuwamban 2017.

Wani abu da nake son a bambance: agogon hukuma daban, tafiyar rana daban. Shabu da Legas agogonsu ɗaya, amma muna gabas da Legas da kusan digiri biyar, kowane digiri kuwa minti huɗu ne. Ka ga ke nan rana tana gotawa a wurinmu da kimanin minti ashirin kafin ta gota a Idi-Araba. Saboda haka +01:00 ba zai faɗa maka lokacin azahar ko shan ruwa ba, manhajar lokutan salla sai ta san garin da kake.

Ga matasanmu masu koyon rubuta manhaja, shawarata ita ce a ajiye lokaci da UTC, ko kuwa tare da wutsiyarsa, sai lokacin nuna wa mutum a juya shi zuwa agogon inda yake. Lokacin da aka ajiye tsirara, ba Z ba +01:00, kowace na'ura za ta fassara shi yadda ta ga dama. JavaScript misali ne mai kyau: ka ba shi 2025-03-10 kawai, zai ɗauke shi tsakar daren UTC, ka ba shi 2025-03-10T00:00 ba wutsiya, zai ɗauke shi da agogon na'urar da ke gabanka. A Najeriya ba lallai ka lura ba, amma wanda ya buɗe a Amurka zai iya ganin 9 ga wata. Alamar + ma tana da nata sharri: idan an tura ta cikin adireshin intanet ba a rubuta ta %2B ba, sau da yawa tana komawa fili, wutsiyar ta lalace. Sannan ga abin da za a yi nan gaba, kamar taro da mutumin Landan, sunan yanki ya fi lamba aminci. Namu Africa/Lagos ne, nasu Europe/London, kuma sunan shi ke sa na'ura ta san ranar da agogonsu zai sauya.

Wanda kuwa ba ruwansa da rubuta manhaja, idan musu ya taso kan ranar da kuɗi suka shiga, ya duba wutsiyar rubutun biyu, ya mayar da su agogo ɗaya, sannan ya haɗa da lambar shaidar cinikin da ke jikin rasit, don ita banki zai tambaya. Ya kuma duba saitin wayarsa. Wayar da aka sayo ta hannu daga waje, aka bar ta a kan agogon wata ƙasa, za ta riƙa nuna saƙonnin WhatsApp da lokacin can, har sai an kunna mata ɗaukar lokaci da kanta daga layi.