Dalilin Riƙe Sharaɗin Barbara a Rajistar Dawakin Sukuwa

Tun da James Weatherby ya fitar da littafin nasabar dawaki, General Stud Book, a Ingila a 1791, asali ne ke shigar da doki cikin jinsin Thoroughbred, komai gudunsa. Sharaɗin rajista da ya fi jawo gardama shi ne ba a rubuta duƙushi sai ingarma ya hau goɗiya da kansa. Wanda aka samu ta ɗura maniyyi ba shi da gurbi, ko da iyayensa duka suna cikin littafin. Ya kamata a riƙe wannan sharaɗi, amma bisa hujjar da ta dace.

Tsohuwar hujjar, wato tabbatar da uba, gwajin DNA ya riga ya rushe ta. Wadda ta rage ita ce ƙuncin jini. Nasabar jinsin ta wajen uba tana tuƙewa ga ingarmu uku, Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, kuma mafi yawan dawakin yau zuriyar Darley ne. Ko yanzu, ingarman da ake rububinsa yakan hau goɗiya sama da 200 a kaka guda, wasu ma a kai su Ostireliya su sake wata kakar. Idan aka halatta ɗura, iyakar da ƙarfin jikinsa ya gindaya ta kau, duk wata larurar gado da yake ɗauke da ita ta bazu.

Masu suka sun ce sharaɗin kariya ce ga kuɗin barbara da manyan gonaki ke karɓa, kuma zargin yana da tushe: dokar Jersey ta 1913 ta toshe wa dawakin Amurka da yawa rajista a Ingila da sunan tsarkin jini, har 1949. Wani mai suna Bruce McHugh ma ya kai ƙara Kotun Tarayya ta Ostireliya cewa sharaɗin yana tauye gasar kasuwanci, bai yi nasara ba a 2012. Masu sukan suna ganin ƙayyade adadin goɗiyar da ingarma zai hau ya wadatar. An gwada hakan: a 2020 Jockey Club ta Amurka ta yanke goɗiya 140 ga kowane sabon ingarma, manyan gonakin Kentucky uku suka maka ta a kotu, ta janye a 2022. Muddin hukumomin rajista ba su iya tsayar da ƙayyadewa ba, soke sharaɗin barbara zai bar jinsin ba wani shinge ko kaɗan.