Lambar da Ke Auna Daren Sanyi: Tarihin Shiyyoyin Shuka

Duk wanda ya taɓa sayen irin fure ko dashen itace da aka shigo da shi daga Amurka, ko ya buɗe littafin lambu na can, zai ci karo da wata lamba a jikin takarda: wannan itace na shiyya ta 5 zuwa ta 9 ne, wancan fure ba ya rayuwa ƙasa da shiyya ta 8. Masu lambu a Amurka kan gabatar da kansu da wannan lamba kamar yadda mutum kan faɗi garinsu, kuma ba kasafai gwani kan ba da shawara ba sai ya ji shiyyar mai tambaya. Lambar ta kusa shekara ɗari a duniya. Tarihinta shi ke nuna abin da take faɗa da kuma abin da ta yi shiru a kansa, domin wanda bai san iyakarta ba yana iya asarar kuɗinsa da irinsa da wahalar shekara guda.

Tunanin raba ƙasa shiyya-shiyya bisa ga yanayi ya girmi lambar. A shekarar 1802 Bajamushen nan Alexander von Humboldt ya hau dutsen Chimborazo da ke ƙasar Ekwado ta yau, ya lura da yadda tsirrai ke sauyawa hawa-hawa gwargwadon ƙaruwar sanyi. A 1817 ya fito da dabarar ja layi a taswira don haɗa wuraren da matsakaicin zafinsu yake ɗaya. Wladimir Köppen ya ɗora a kai a 1884 da 1900, inda ya rarraba yanayin duniya yana la'akari da irin tsirran da ke fitowa a kowane yanki. Sai dai duk wannan aikin masana ne domin masana. Mai lambu tambayarsa ɗaya ce: in na dasa wannan itace a bayan gidana, zai kai baɗi?

Amsar farko ta fito ne daga gandun itatuwa na Arnold, mallakar Jami'ar Harvard a Boston, wanda a farkon ƙarni na 20 yake tara itatuwa daga Sin da Japan da Turai yana gwada su. A arewacin Amurka abin da ke kashe baƙon itace shi ne hunturu: dare ɗaya na tsananin sanyi ya isa ya daskarar da ruwan jikinsa. A 1927 Alfred Rehder, masanin itatuwa a gandun, ya wallafa littafinsa kan itatuwan da ake dasawa, ya sa masa taswira mai shiyya 8, ya kuma rubuta wa itatuwan shiyyar da suke iya jure sanyinta. A 1938 Donald Wyman na wannan gandu ya zana sabuwa da bayanan hukumar yanayi na shekarun 1895 zuwa 1935, aka yi ta sabunta ta har zuwa 1971.

Gwamnati ta shigo a 1960, lokacin da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar da tata taswirar ƙarƙashin Henry Skinner na gandun itatuwa na ƙasa da ke Washinton. Ƙa'idarta mai sauƙi ce, kuma ita ce har yau. A kowane wuri ana ɗaukar daren da ya fi kowane sanyi a shekara, a tara na shekaru da yawa, a fitar da matsakaicinsu. Kowace shiyya tana da faɗin digiri 10 a ma'aunin Faranhait, wato kimanin digiri 5.6 a ma'aunin Salshiyas. Shiyya ta 6, alal misali, ita ce inda wannan matsakaici ke tsakanin kusan digiri 23 da 18 ƙasa da sifili a Salshiyas. Da yake lambobin Arnold da na gwamnati ba su dace da juna ba, an shafe shekaru ana ruɗani: mai saye ya ga shiyya ta 5 a jikin dashe, bai san ta wace taswira ake nufi ba, itacen ya mutu a hunturun farko.

Taswirar 1990 ce ta raba gardama. H. Marc Cathey ya jagoranci aikin, aka yi amfani da bayanan 1974 zuwa 1986, aka kai shiyyoyin 11, aka haɗa da Kanada da Meziko, yawancin shiyyoyin kuma a rabe gida biyu. Masu sayar da dashe suka rungume ta, lambar ta shiga jikin kusan kowace tukunyar fure a kasuwa. Daga nan ta tashi daga harshen masana ta zama kamar adireshi.

Da lamba ta zama adireshi kuwa, sauya ta sai ya zama magana babba. A 2003 Ƙungiyar Masu Lambu ta Amurka ta shirya daftarin sabuwar taswira da ya nuna shiyyoyin ɗumi sun matsa arewa, ma'aikatar ta ƙi amincewa da shi, abin da ya jawo muhawara kan ɗumamar yanayi. Sai a 2012 sabuwar ta fito, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jihar Oregon, da bayanan shekara 30 daga 1976 zuwa 2005, aka ƙara shiyya ta 12 da ta 13 domin wurare irin su Hawayi da Fwato Riko. Ta watan Nuwamba 2023 ta dogara da tashoshin auna yanayi 13,412 da bayanan 1991 zuwa 2020, kuma kimanin rabin ƙasar ya matsa rabin shiyya zuwa ɗumi. Ma'aikatar ta ja kunne cewa wani ɓangare na sauyin daga ƙarin tashoshi da ingancin lissafi yake. Duk da haka maganar ta wuce ta furanni, domin hukumar inshorar amfanin gona ta ƙasar tana duba taswirar wajen tsara wasu ƙa'idojinta.

Tun a can gida aka gane cewa lambar dare ɗaya kawai take aunawa. A taswirar 2012, Siyatil mai yawan hadari da yayyafi da Ostin ta Jihar Texas mai zafin bazara sun faɗa shiyya ɗaya, alhali abin da ke bunƙasa a ɗayan yakan ƙone a ɗayan. Shi ya sa Kanada ta yi tata taswirar a 1967 da ma'auni da dama, ciki har da ruwan sama da tsawon lokacin da raɓa ba ta daskarewa. A 1997 kuma Cathey ɗin dai ya fitar da taswirar zafi mai shiyya 12, wadda ke ƙirga kwanakin da zafi ke haura digiri 30 a shekara.

A nan ne tarihin ya shafe mu, domin irin da littattafan da bidiyon koyar da lambu suna iso mu ɗauke da lambobinsu. A wannan ma'auni, kusan dukkan Afirka ta Yamma tana cunkushe ne a shiyyoyin ƙarshe, daga ta 11 zuwa ta 13. Legas mai ruwa mafi yawan shekara da Maraɗi mai damina ta wata uku zuwa huɗu sun zama maƙwabta a takarda. Lambar ba ta yi ƙarya ba. Tambayar da aka ƙirƙire ta domin amsawa ce ba tamu ba. A ƙasar Hausa ƙishirwa da zafin bazara ke kashe shuka, kuma lokacin ɗari shi ne ma lokacin da tumatirin Kadawa da alkama ke samun yadda suke so.

Albasa ta isa misali. Irin da ake nomawa a arewacin Amurka da Turai ba ya yin kai sai hasken rana ya kai awa 14 zuwa 16 a yini. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, yininta ba ya cika awa 13. Wanda ya shuka wancan iri a fadamarsa zai samu lawashi kore shar, ya tona bai ga albasa ba. Albasar Galmi da ta Aliero irin gajeren yini ne, shi ya sa suka karɓi ƙasar. Haka yawancin irin tuffa ke buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyi kafin su yi fure, abin da ya sa ake gwada su a tudun Jos da Mambila. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da lambar shiyya ke faɗa.

Yankinmu ma an zana masa shiyyoyi, amma bisa ga ruwa. A 1900 Bafaranshe Auguste Chevalier ya raba Afirka ta Yamma zuwa shiyyar Sahel da ta Sudan da ta Gini, rabon da R. W. J. Keay ya daidaita wa Najeriya a tsakiyar ƙarnin, kuma shi ake koyarwa a makarantu har yau. A 1978 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin da ke ƙirga kwanakin da ƙasa ke riƙe danshin da shuka za ta rayu. Manomi ya riga su sani: yana bambanta jigawa da fadama, ya san gero na haƙuri inda masara ba ta yi, ya kuma san ruwan farko ba kullum ne ruwan shuka ba.

Abin koyi a aikin Rehder da magadansa shi ne ɗabi'ar da suka dasa, ta cewa shawarar shuka ba ta da daraja sai an san inda mai ba da ita yake tsaye. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ke neman shawara daga Zinder ko Zariya ko Tamale, abin da zai amfane shi ya faɗa shi ne sunan garin, watan da ruwa ke sauka da watan da yake ɗaukewa, irin ƙasar, da ko yana da rijiya ko sama yake jira. Wanda kuma ya ga lamba a jikin takardar iri, ya tuna cewa labarin sanyin dare kaɗai take ba shi, sannan ya nemi sauran labarin a wurin masu lambun bakin rafin garinsu.