Launi Na Mai Kwamfuta Ne

Wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna mini manhajar da ya rubuta, na ga ya kafe lambar launi a ciki, na ce ya cire. Ya ce, "Kawu, shuɗin ga ai ya yi kyau, mi ne laifinai?" Laifinsa ɗaya ne: shi ya zaɓa, mai kwamfutar bai zaɓa ba. Da a gaban maigidana ya yi haka, da ranar bai ci tuwon dare da wuri ba.

Maigidan nan nawa yana da shago a Ƙofar Rini, gaba ana buga takardu da hotokofi, ciki muna rubuta wa makarantu da masu kemis manhaja da Visual Basic 6. Lokacin Windows 98 ta zo da sabon salo: saman taga ya daina zama launi ɗaya, yana farawa da shuɗi mai duhu daga hagu, yana washewa har dama. Kowa ya so irinsa a cikin aikinsa. Wasu suka riƙa zana hoto suna mannawa. Shi ko Malam, wato maigidan namu, ya hana mu. Sai dai mu tambayi Windows ta hanyar GetSysColor: lamba 2 ta ba mu launin farko, 27 ta ba mu na ƙarshe, mu kuma mu cike tsakani.

Ba ya barin almajiri ya taɓa GradientFill, umarnin Windows mai cike tsakanin da kansa, sai ya iya cike tsakanin nan da lissafinsa, layi bayan layi, ja daban, kore daban, shuɗi daban. Ranar da ya yarje maka kuma wata wahalar ce, domin GradientFill tana son a ninka kowace lamba sau 256, ga shi Integer ɗin Visual Basic ba ta wuce 32767. Wanda bai ninka ba ya ga baƙi ƙirin, wanda ya ninka bai yi dabara ba manhajarsa ta tsaya cak.

Jarrabawarsa guda ce. Ka ce ka gama, ya zauna ya sauya tsarin launin kwamfutar zuwa Desert ko Brick alhali aikinka na buɗe. In saman tagarka bai saurari saƙon WM_SYSCOLORCHANGE ya sake fenti nan take ba, sai ya miƙe ya ce, "Yaro, rigar wani ka rina ba ka tambaye shi ba."

Dalilinsa a shagon wani Alhaji mai kemis na gan shi. Idonsa ya yi rauni, ɗansa ya mayar masa da kwamfutar tsarin masu ƙarancin gani, baƙin fage da farin rubutu. Manhajar da ya saya a wani wuri ta bar farin rubutun a kan fage mai haske, ko sunan magani ba ya iya karantawa. Tamu ta bi zaɓinsa ba tare da mun taɓa layi ɗaya ba. Af, kwamfutocin gwanjon da ake kawowa a shekarun nan wasunsu launi 256 kaɗai suke nunawa, fentinka ya fito zane-zane. Nan ma Malam cewa yake a duba ƙarfin allon tukuna, in bai kai ba a zuba launi ɗaya a huta.

Windows XP ta 2001 ce ta fara dagula mana lissafi. Salonta na Luna, da shuɗinsa da ruwan zaitun da ruwan azurfa, daga hotuna ake zana shi, lambobinmu suka daina dacewa da abin da ido ke gani. Office 2003 na fitowa yara suka bazama kafen intanet suna kwafo lambobin launinta suna kafewa. Daga nan tarbiyyar ta lalace. Windows 8 ta shafe salon launi mai washewa a 2012, aka ce ƙauyanci ne.

Salon ya tafi ban yi kuka ba. Abin da ke ci mini rai shi ne an jefar da ladabin tare da shi. Yau mutum zai mayar da kwamfutarsa yanayin duhu saboda idonsa, manhaja ta buɗe masa fari fat. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini aiki, kafin in duba komai sai na sauya launin kwamfutar in ga ko ya san akwai mai ita.