Kawunan Yumɓun Kwatarkwashi da Na Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau, sai ya ga Dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bunguɗu. A shekarun 1990 mahaƙa suka yi wa wannan yanki rubdugu suna tono mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, dillalai kuma suna kwashewa zuwa Turai. Masanin kufai Patrick Darling ya yi rubutu kan ɓarnar a 2000, shekarar da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sanya irin waɗannan kaya na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin masu fuskantar sata.

Maginan ba su damu da kwaikwayon fuskar wani tiryan-tiryan ba. Kai suke girmamawa ya rinjayi jiki. A salon Sakkwato gira ce ke yin kauri har ta danne ido; a na Nok, wanda ya haura shekara 2,000, ido kusurwa uku gare shi, da huda a tsakiya. Hudar nan ado ce, dabara ce kuma: cikin kan rami ne, sai an bar wa tururi mafita, in ba haka ba ya fashe a wuta.

Mai ƙera kai a kwamfuta ya gaji irin wannan matsala. A 1972, a Jami'ar Utah ta Amurka, Fred Parke ya harhaɗa fuskar mutum da ƙananan siffofi masu kusurwa, kamar saƙar raga, ya sa ta motsi. Yau mai aiki da ZBrush, ko Blender da ta zama kyauta tun 2002, yakan fara da curi guda, ya ja muƙamuƙi, ya danna kwarmin ido. In ya gyara ɓari ɗaya, ɗayan ya bi. Amma dole zaren ragar ya kewaye ido da baki, don kada fuskar ta lalace in ta yi murmushi.

Wanda ke son koyon salon kakanni kuwa, sau da yawa sai ya bi su waje, domin an tono da yawansu ba tare da rubuta inda suka kwanta ba. A 2000 gidan tarihi na Louvre ya baje guda biyu na Nok. Sai 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, bisa sharaɗin ta riƙe su aro na shekara 25.