Gidan Nazarin Taurari Da Aka Rushe A Istambul

A 1577 aka kammala wani gini a kan tudun Galata, a Istambul, don auna tafiyar rana da wata da taurari. Mai ginin shi ne Taƙiyyuddin bin Ma'aruf, haifaffen Dimashƙa, wanda ya yi alƙalanci kafin ya zama babban masanin falaki na fada a 1571. Hujjar da ya kai gaban Sarkin Musulmi Murad na Uku, sarkin nan da ya yi musayar wasiƙa da Mai Idris Alauma na Barno, ita ce jadawalin taurari na Ulugh Beg ya tsufa, lissafinsa ya fara kaucewa, sai an sake awo. Sarki ya ba da kuɗi. Aka ƙera manyan kayan awo, har da agogo mai inji.

A cikin Azumin 1577 sai tauraruwa mai wutsiya ta bayyana. Fada ba ta damu da nisanta ba, abin da take ɗauke da shi take son ji. Taƙiyyuddin ya yi bushara da nasara a kan Farisa. Yaƙin da Farisa ya soma da sa'a, amma annoba ta shigo, manya suka yi ta mutuwa, a 1579 kuma aka kashe Babban Waziri Sokollu Mehmed Fasha. Shaihul Islam Ƙadizade ya gargaɗi sarki cewa leƙen asirin sama yana jawo musiba. A Janairun 1580 aka rushe ginin.

An sha kawo labarin nan a matsayin shaidar addini ya danne kimiyya. Ban gamsu ba. Wanda ya tsaya wa Taƙiyyuddin tun farko, Hoja Sa'aduddin, malamin sarki ne, shi ma daga baya ya hau kujerar Shaihul Islam. Malamai ne ta kowane ɓangare, kuma akwai gaba a tsakaninsu. Abin da ya jawo rushewar duba ne da siyasar fada. Masallatai ba su daina riƙe masu lissafin lokutan salla ba.

A wannan lokacin Tiko Birahe yana irin wannan aiki a tsibirin Hven, wanda a lokacin na Danmak ne. Ya auna tauraruwar nan, ya nuna ta fi wata nisa, abin da ya karya koyarwar Aristotal. Shi ma yana yi wa fada duba, shi ma sabon sarki ya janye masa tallafi, ya bar tsibirin a 1597. Sai dai ya samu kimanin shekara ashirin yana awo. Da waɗannan alƙaluma Kefla, wanda ya karanci tauhidin Kirista, ya gano cewa Mirrihu ba cikakkiyar da'ira take bi ba wajen kewaya rana.