Yadda Kwamfuta Ta Koyi Wasa da Sa'a

A watan Yulin 1979, a birnin Monte Carlo, Luigi Villa ɗan Italiya ya ci kambun duniya na bakgamon, wasan da Larabawa ke kira ɗawula, inda ake jefa ƙwaya biyu irin ta lido kafin a motsa 'ya'ya. Washegari aka haɗa shi da manhajar BKG 9.8, wadda Hans Berliner na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya rubuta, ta doke shi 7 da 1. Berliner da kansa ya amsa cewa Villa ya fi iya wasa, ƙwaya ce ta yi wa manhajarsa gata.

Ƙwayar nan ita ce tushen wahalar. A wasan ces, kwamfuta kan bi sawun motsi ɗaya bayan ɗaya ta hango gaba. A bakgamon kuwa, jifa ɗaya na iya faɗuwa ta fuska 21, kowace fuska da motsi wajen 20, wato rassa kusan 400 a mataki guda. Lissafin kan tumbatsa tun ba a je ko'ina ba. Dole manhaja ta dubi allo ta kimanta wanda ya fi kusa da nasara.

Berliner da hannu ya rubuta ƙa'idojin kimantawar. Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fara da Neurogammon, wadda ta koya daga wasannin gwanaye, ta ci gasar kwamfutoci a Landan a 1989. A 1992 ya fito da TD-Gammon bisa dabarar Richard Sutton: manhajar ta riƙa karawa da kanta, bayan kowane motsi tana gyara hasashenta na baya da abin da ta gani yanzu. Wani samfurinta ya buga wasa miliyan 1.5, ya kusa kamo manyan gwanayen duniya.

A nan ƙwayar ta zama malama. Da yake jifa ba ta da tabbas, takan jefa manhajar cikin yanayin da ba za ta zaɓa da kanta ba, sai iliminta ya faɗaɗa. Har gwanaye suka sauya yadda suke buɗe wasa da jifar 2-1, 4-1 da 5-1 saboda TD-Gammon. Jellyfish, Snowie da GNU Backgammon duk tafarkinta suka bi, kuma yau da irinsu 'yan wasa ke auna kurakuransu bayan an tashi daga gasa.